Ƙarfen Noma da Ƙarfen Mari

An yi wani sarki a ƙasar Zangaru mai suna Ishaƙa, mutum mai sakin hannu da tausayin talakawa, wanda ba a san shi da wani aibi ba sai gaggawa, domin idan alheri ya faɗo masa a rai da hantsi, ba ya yarda la'asar ta riske shi bai zartar da shi ba. Yana da waziri ana ce masa Ƙasimu, dattijo masanin shari'a, mai jinkirin magana, wanda ya yi wa mahaifin sarkin hidima kafin ya yi wa ɗan.

Wata shekara aka yi fari a ƙasar, yunwa ta biyo baya, har mutane suka sayar da awakinsu da tufafinsu, daga ƙarshe suka sayar wa fatake da fartanyoyinsu domin su sami abin da za su sa a bakin iyali. Da bazara ta kama, sarki ya aiki Waziri Ƙasimu ƙasashen maƙwabta neman hatsi, shi kuma ya buɗe rumbunansa ya raba iri. Sai ya lura cewa iri ba zai amfani wanda ba shi da abin noma ba, saboda haka ya kira Sarkin Maƙera Jatau, ya ce yana son kowane gida ya sami fartanya kafin ruwa ya sauka.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tama sai an narka ta, ƙarfe kuma sai an buge shi har ya fitar da dattinsa. Idan duk maƙeran ƙasar nan muka duƙufa, za mu iya wadatar da rabin gidaje kafin damina, sauran su riƙa aro wajen maƙwabta har mu cim musu."

Wannan amsa ba ta yi wa sarki daɗi ba, don rabin alheri a wurinsa tamkar rowa ce. Ana cikin haka sai ga wani falke mai suna Mantau ya iso da jakuna ɗauke da fartanyoyi masu ƙyalli, an goge su an shafe su da mai har mutum yana ganin fuskarsa a jikinsu. Sarki ya gan su ya yi murna, ya saye su gaba ɗaya, aka raba gida gida, talakawa suna ta sa masa albarka.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi. Ranar da aka fita noman farko, tun rana ba ta take ba aka fara jin salati daga gona zuwa gona. Wata fartanyar ta lanƙwashe kamar ganyen rogo, wata ta tsage biyu da ta gamu da tsakuwa, wata kuwa ta fice daga ƙota ta bar mai ita riƙe da sanda. Kafin mako ya zagayo, da wuya a sami gidan da kyautar sarki ke da sauran amfani, ga ciyawa kuma ba ta jiran kowa.

A wannan hali Waziri Ƙasimu ya dawo, ya tarar an kama Mantau an jefa shi gidan yari, fada kuma ta cika da masu ba da shawara, wasu na cewa a sare kansa a kasuwa, wasu na cewa a yanke hannunsa. Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, na rantse da Allah a gaban jama'a cewa duk wanda hannunsa ke cikin wannan cuta sai ya ɗanɗani wahalarta da jikinsa. Na san kan falken nan ba zai nome ko kunya ɗaya ba, amma zuciyata ba za ta huce ba idan ya fita lafiya. Ina so ranar Juma'a ka kawo mini hukuncin da zai cika rantsuwata, ya kuma kuɓutar da geron talakawana. Idan ka kasa, takobi zai yi nasa hukuncin, kai kuma ka ajiye rawaninka, don ban ga amfanin hikimar da ba ta samuwa ranar buƙata ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na ji, kuma ina roƙon Allah ya nuna mini abin da yake daidai."

Bai zauna cikin littattafansa ba, ya hau alfadarinsa ya fita bayan gari. A wata gona ya ga mace durƙushe tana tuge ciyawa da hannu, yatsunta duk sun farfashe. Ya yi mata sannu, ya tambayi sunanta, ta ce Tasalla. Ya ce, "Ina maigidan, ke kaɗai a gona?"

Ta ce, "Yana kwance, ranka ya daɗe. Fartanyar sarki ce ta karye a hannunsa, gutsuren ya sare shi a ƙafa." Ta ƙara da cewa, "Ba mu riƙe sarki a zuci ba, alheri ya nufa. Sai dai da an bar mu hannu banza, da tun da wuri mun san inda za mu nemi aro. Kyautar ce ta sa muka saki jiki."

Wannan magana ta zauna wa waziri a rai. Daga nan ya wuce maƙera, ya tambayi Jatau ko za a iya narka karyayyun fartanyoyin a sake ƙera su. Jatau ya girgiza kai ya ce dattin da ke cikinsu ya fi ƙarfen yawa, idan kuma aka ce a haƙo tama a narka, kafin ta zama fartanya ciyawa ta gama da gero. Abin da ake buƙata shi ne tsohon ƙarfe mai kyau wanda aka riga aka tace, shi kuwa bai san inda za a same shi da yawa ba.

Waziri ya nufi gidan yari zuciyarsa a dagule. Ya sami Mantau zaune a ƙasa da mari a ƙafafunsa, ya tambaye shi ko ya san aibin kayansa lokacin da ya sayar.

Mantau ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, ba zan ƙara ƙarya a kan laifi ba. Amma sarki ya tambaye ni yawansu, ya tambaye ni ranar da zan sauke su. Bai tambaye ni ko za su yi noma ba, bai kuma sa an sari ƙasa da ko guda ba. Ni kuwa ban amsa abin da ba a tambaye ni ba."

Waziri ya ce, "Shirun mai sayarwa a kan aibin da ya sani ha'inci ne a shari'a, kuma akwai mutum kwance da rauni saboda shirunka."

Mantau ya yi hawaye, ya roƙi a ɗan sassauta masa marin don ya ci masa idon sawu. Yari, shugaban gidan, ya ce wannan mari ba ya sassautuwa, tun zamanin kakan sarki aka ƙera shi, kuma bai taɓa jin ko ɗaya ya karye ba. Waziri ya tambaya ko akwai irinsa da yawa. Yari ya buɗe masa wani ɗaki, sai ga mari da sarƙoƙi tuli har kusan rufi, ragowar zamanin yaƙe-yaƙe, an shafe su da mai an adana. Waziri ya daɗe tsaye a bakin ƙofar yana dubansu. Ya gane cewa rabin amsarsa na cikin ɗakin nan, ɗaya rabin kuwa magana ce da za ta iya raba shi da abin da ya fi rawani, amma ya ga ba shi da hanyar cika amana sai ta faɗinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, fada ta cika. Waziri ya sa aka ajiye karyayyiyar fartanya da mari guda a gaban sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga ƙarfe biyu daga ƙasarka. Wannan an ƙera shi don ya ɗaure mutane, ya ga sarakuna uku bai gaza ba. Wannan an saye shi don ya ciyar da mutane, bai ga ƙarshen mako ba. Bai dace da sarki mai adalci ba a ce ƙarfensa mafi kyau yana gidan yari, mafi muni kuma yana hannun manomansa. Shawarata ita ce a kwashe abin da ke ɗakin Yari a kai maƙera, a mai da shi fartanyoyi. Mantau kuwa, a kwance shi a kai shi gaban wuta, ya riƙa zuga wa maƙera, jakunansa suna ɗauko gawayi, kada a sallame shi sai gida na ƙarshe ya karɓi tasa. Ta haka zai ɗanɗani wahalar da jikinsa, ya kuma ga irin gumin da ke cikin abin da ya yi wa algus."

Fuskar sarki ta saki, ya ce, "Madalla, ka kuɓutar da gero, ka cika rantsuwata."

Waziri ya ce, "Na kuɓutar da gero in Allah ya yarda, amma rantsuwa ba ta cika ba tukuna, idan sarki ya ba ni aminci in ƙarasa." Sarki ya ba shi. Waziri ya ce, "Sarki ya rantse a kan duk hannun da ke cikin cutar, hannuwan kuwa biyu ne. Akwai wanda ya sayar ya ɓoye aibi, akwai kuma wanda ya saya bai gwada ba, ya miƙa wa talakawa, su kuma suka karɓa ba tare da bincike ba domin sun amince da mai bayarwa. Na farko ha'inci ya yi, na biyu gaggawa ce cikin kyakkyawar niyya, kuma ba ɗaya suke ba a wurin Allah. Amma ciyawar da ke gonar Tasalla ba ta bambanta su ba."

Dogarai suka dubi sarki suna jiran ishara. Sarki ya daɗe yana duban karyayyiyar fartanyar, fuskarsa ta canza, sa'an nan ya ce a hankali, "Wace ce Tasalla?" Waziri ya ba shi labarinta, ya faɗa masa maganarta ba ragi ba ƙari. Sarki ya ce, "Ta faɗi gaskiya, kai ma ka faɗa. Ban yi rantsuwa don ta hau kan wasu ta tsallake ni ba."

Washegari sarki ya tuɓe alkyabba, ya ɗauki ɗaya daga cikin fartanyoyin Mantau da suka rage, ya tafi gonar Tasalla da ƙafa. Bai yi nisa a kunyar farko ba fartanyar ta tsage. Ya ajiye ta, ya durƙusa ya shiga tuge ciyawa da hannu. Tasalla ta rasa inda za ta sa kanta, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba aikinka ba ne." Ya ce, "Yau nawa ne, baiwar Allah, ki nuna mini wadda ake tugewa kada in tuge miki gero." Fadawa da hakimai suka ga ba dama su tsaya sarki na durƙushe, suka bazu cikin gonakin maƙwabta, mutanen birni kuma da suka ji labari suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Haka aka riƙe ciyawa da hannu, maƙera kuwa ba su bar wuta ta mutu ba, har sababbin fartanyoyi suka fara fita, baƙaƙe marasa ƙyalli, masu shiga ƙasa su fito lafiya.

Kakar shekarar ba ta yi yalwa ba, don wasu gonakin an makara, amma babu gidan da ya kwana da yunwa. Mijin Tasalla ya warke a hannun mai maganin fada. Mantau ya fita tafin hannunsa duk ya yi kanta, ga tabon wuta a damtse, kuma da aka sallame shi ya roƙi Jatau ya riƙa ba shi aikin maƙeran Zangaru yana kai wa wasu ƙasashe, aka yarda masa bisa sharaɗin ya bar mai saye ya gwada kafin ya ɗauka.

Sarki ya tara jama'a, ya yafa wa Waziri Ƙasimu alkyabbarsa ta kansa, ya danƙa masa kula da kasuwannin ƙasar duka, ya ce, "Na nemi ka hukunta mini mutum ɗaya, ka hukunta biyu, kuma na biyun ne ya fi gode maka." Waziri ya ce, "Faɗin gaskiya a gaban sarki numfashi ɗaya ne, Allah ya ba ka nasara. Wanda ya ji ta ya durƙusa a gona shi ya ɗauki mai nauyin."

Ku sani, ya ku masu karatu, cewa hukunta mai ha'inci abu ne da kowane mai iko zai iya, amma adalci ba ya cika sai an gyara ɓarnar da aka yi wa mai rauni, kuma sai mai hukunci ya yarda a auna shi da ma'aunin da yake auna waninsa.