Sandar da Aka Bari a Ƙofa

Akwai wani manomi wanda ciwon gwiwa ya raba shi da gona. Da ya ga zaman banza ba zai karɓe shi ba, sai ya ba da kansa, ba don a biya shi ba, ga wani gida a bayan gari inda ake tara karnukan da masu su suka yasar. Yana wanke kwanoninsu, yana cire musu kaska, yana koya musu tafiya da igiya, domin a sami masu ɗaukarsu.

A ɗakin ƙarshe akwai wata baƙar karya da ake kira Duna. An tsince ta ɗaure a kango, haƙarƙarinta a karye, ta kuwa riga ta ciji mutum biyu. Damaris, mai kula da gidan, ta ce masa, "Baba, likitan dabbobi zai zo Jumma'a ta sama. In har lokacin ba ta yarda hannu ya taɓa ta ba, allurar mutuwa zai yi mata."

Ya ce, "Na yi kiwon karnukan farauta tun ba a haife ki ba. Bar ni da ita."

Kowace safiya yakan dogara sandarsa ya shiga, ya ajiye mata tuwo da romo, ya yi ta lallashinta. Ita kuwa sai ta maƙale a kusurwa tana gurnani, ba ta ci sai ya fita. Ranar Laraba, saura kwana biyu, ya ce, "Wannan ba ta da rabo. Na yi mata duk abin da ake yi."

Damaris ta ce, "Baba, kwana uku ina leƙenku. Ba fuskarka take kallo ba, sandarka take kallo."

"Sandar nan? Ko kaza ban taɓa duka da ita ba! Ƙafata ce ta uku, 'yata."

"Ni na sani, Baba. Ita ce ba ta sani ba."

Kashegari ya jingine sandar a ƙofar gida. Taku arba'in ne zuwa ɗakin Duna. Ya yi su yana dafa bango, yana cije leɓe. Da shigarsa gwiwar ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗi, romon ya malale a hannunsa. Ba ya iya tashi, ba shi kuma da abin kare kansa. Karyar ta taso, gashin wuyanta a tsaye. Ta shinshina hannun, ta daɗe, sa'an nan ta fara lasarsa.

Ranar Jumma'a likita ya tarar da kanta a kan cinyar tsohon, ya mayar da allurarsa jaka.

Ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba. Karyar ita ce duk wanda aka yi wa rauni har ya guje wa ikkilisiya. Manomin kuwa mu ne, dattawa da malamai da iyaye. Mukan je neman ɓatattu da abinci mai kyau a hannun dama, amma a hagu muna riƙe da girmanmu da tsawarmu, mu ce ba don duka muka riƙe su ba. Wanda ya sha duka bai san wannan ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na kuwa kori waɗansu da kallo kaɗai. Ba na faɗar wannan da alfahari. Ubangijinmu ya ajiye ɗaukakarsa kafin ya zo wurinmu. Kowa ya san sunan wanda ya daina zuwa sujada. Ku je wurinsa a makon nan, ku bar sandarku a ƙofa.