Buhun Tsohon Ɗan Haya

Akwai wata mata mai ɗinki, sunanta Rifkatu, wadda ta kama hayar ɗaki a wani gida kusa da kasuwa. Ba ta da wata dukiya sai keken ɗinkinta da yadukan da mutane suke kawo mata. Da wannan sana'a take rufa wa kanta asiri.

Ranar da ta tare, sai ga mutumin da ya tashi daga ɗakin ya zo da fara'arsa. Ya ce, "Ƙanwata, na bar ɗan buhuna a bayan ƙyaure. Ki yi haƙuri ya kwana biyu, zan zo in ɗauka." Ta ce ba komai. Makullin ɗakin kuwa bai mayar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Kwana biyun nan ya zama wata da watanni. Takan dawo daga kasuwa ta tarar da shi zaune a kan tabarmarta yana shan ruwan randarta, wai kayansa ya zo dubawa. Da abin ya ishe ta, sai ta sayo kwaɗo mai nauyi, ta kira kafinta ya kafa mata shi a ƙofa. Da mutumin ya zo ya ga kwaɗo, ya ɓata rai, ya ce, "Haba ƙanwata! Ni za ki kulle wa ƙofa kamar ɓarawo, alhali kayana na ciki?" Kunya ta kama Rifkatu. To, ku ji abin da ta yi, kuma kada ku yi saurin yi mata dariya: ta zare makulli ɗaya daga na sabon kwaɗon, ta miƙa masa.

Ana nan, sai matan zumunta na cocinsu suka kawo mata atamfar anko ta ɗinka musu saboda biki. Wata rana da azahar ta dawo, ƙofa a kulle yadda ta bar ta, amma turmin atamfa ɗaya ya yi ƙafa. Keken ma an jawo shi dab da bakin ƙofa. Hankalinta ya tashi, gama ta sani in maganar ta fita ba mai sake ba ta ɗinki, in keken ya tafi kuwa abincinta ya tafi.

Ta tafi wurin mai gidan, wani dattijo, ta durƙusa ta ce, "Baba, ƙofata ba ta hana ɓarawo shiga."

Ya ce, "An ɓalle kwaɗon ne?"

"A'a, Baba. Yana da makulli."

"Wa ya ba shi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce."

Dattijon ya ce, "'Yata, hayar mutumin nan ta ƙare tun kafin ki zo. Ba shi da ko taki ɗaya a ɗakin nan. Zan aiko a canja kuba da kwaɗo yau ɗin nan. Amma ki fara fitar da buhun, gama muddin yana ciki, mai shi ba zai rasa dalilin zuwa ba."

Ta koma ta jawo buhun zuwa zaure. Ashe tsummoki ne kawai da tsofaffin takalma. Aka canja kuba, aka ƙara mata sakata ta ciki.

Washegari da hantsi tana cikin ɗinki ta ji ana murɗa makulli, ya ƙi juyawa. Mutumin ya leƙo ta taga ya ce, "Ƙanwata, buɗe in duba kayana."

Ta ce, "Kayanka na zaure."

"To, ko ruwa ba za ki ba ni in sha ba?"

Ta ce, "Akwai famfo a tsakar gida." Ta ci gaba da taka kekenta, bai sake dawowa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin nan ranka ne, Mai gidan kuwa Ubangiji ne, mu duka 'yan haya ne a cikin abin da yake nasa. Tsohon ɗan hayan shi ne halin da ya mallake ka kafin ka ba da gaskiya. Hayarsa ta ƙare ranar da Almasihu ya fanshe ka. Amma da yawanmu mun bar masa buhu: layar da muka ɓoye a ƙasan akwati, lambar wayar da muka kasa gogewa, gabar da muke riƙe da ita da ɗan'uwa, majalisar da muke jin kunyar dainawa. Muna ƙara addu'a da azumi kamar mai ƙara kwaɗo, sa'an nan mu miƙa masa makullin da hannunmu don kada a ce ba mu da kirki.

'Yan'uwa, kada ku ji tsoronsa, ba shi da iko a kanku. Ku tafi wurin Mai gida ku faɗa masa gaskiya, har da wanda ya ba da makullin. Shi zai canja kuba. Buhun kuwa ba wanda zai fitar maka da shi. Ka san lungun da yake, ka fitar da shi yau.