Shaidar Tanimu Mai Faci

Alhaji Barau ya kai Tanimu mai faci gaban alƙali, wai littafinsa ya nuna yana binsa kuɗin buhun gero goma.

Tanimu ya ce, "Allah gafarta Malam, ko tiya ban taɓa karɓa ba."

Alƙali ya ce, "Kawo shaidar ba ka karɓa ba, ko a sayar da gidanka."

Washegari sai ga Tanimu riƙe da sandar Jatau makaho, yana yi masa jagora.

Jatau ya ce, "Wallahi ban ga ya karɓa ba."

Alƙali ya fusata. "Ai makaho ne!"

Tanimu ya ce, "Shaidar rashin gani ce rabona, Malam, na kuwa kawo gwaninsa. Saura Alhaji ya kawo wanda ya gani."

Alhaji ya waiga hagu da dama, ya ari alƙalamin alƙali, ya soke sunan Tanimu.