Mutumin da Ya Toshe Bakin Injinsa

Akwai wani mutum mai jirgin fito a bakin babban kogi, wanda ya ƙaunaci injin jirginsa da dukan zuciyarsa. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa yi masa ba, wato buɗe shi ya duba ciki.

Injin tsoho ne. A wurin kawunsa ya gaje shi, kawun ma na hannu ya saya. Ranar da tsohon ya miƙa masa, bai yi dogon jawabi ba. Ya nuna masa wata 'yar ƙofa a bayan injin, inda siririn ruwa ke tsartuwa in yana aiki, ya ce masa wannan ruwan shi ne shaidar cewa injin yana shan ruwan kogi yana hucewa. Ran da ya ga tsartuwar ta yi sanyi, to, 'yar robar da ke tura ruwa a ciki ta cinye, a canja ta.

Mutumin ya ce ya ji. Kowace Kirsimeti yakan shafe murfin injin da shuɗin fenti, har ya sa aka rubuta masa BA TSORO da manyan baƙaƙe. Mutane sukan tsaya su yaba.

Ana nan sai ruwan ya daina tsartuwa, ya koma dalala, yana gangarowa da laka a kan sabon fenti. Matarsa Rifkatu ta tuna masa maganar kawu, ta ce makaniki yana nan a tsallake. Ya ce makaniki da hannun baƙin mai zai taɓa murfin. Da ya gaji da gogewa, sai ya fiƙe ɗan tsinke ya cusa a ƙofar. Dalala ta tsaya. A ganinsa gyara ya ƙare.

Ran kasuwa, a tsakiyar damina, kogi ya cika ya yi ja. Ya ɗauki matan ƙauye da kwandunansu, da Rifkatu, da wata tsohuwa da ake kira Iya Kande, mai awaki biyu. A ƙasa da mafitar akwai duwatsu inda ruwa ke tafasa. Jirgin da ya shiga can, katako-katako ake tsintarsa.

Suna tsakiyar kogi Rifkatu ta ce tana jin ƙauri. Ya ce wani ne ke ƙona ciyawa a tudu. Ba a ƙona ciyawa da damina, amma ba wadda ta so ta yi gardama da mai tuƙi. Sai injin ya yi tari, ya fitar da hayaƙi, ya yi shiru.

Ya ja igiyar tayarwa. Ta ƙi motsi. Ya sake ja har ta yanke masa tafin hannu. Jirgin ya juya gefe, ruwa ya ɗauke shi, aka fara jin rurin duwatsun. Filafili ɗaya ne a jirgin, shi ma ruwa ya ƙwace daga hannunsa. Wata ta soma addu'a da ƙarfi, wata ta rungume jaririnta ta rufe masa fuska. Awaki suna ta kuka.

Iya Kande ta tambaya ko akwai wani abu mai nauyi da za a ɗaura wa igiya a jefa, ya riƙe jirgin. Aka dubi kwandunan tumatir, aka dubi awaki. Sa'an nan kowa ya dubi injin.

"Baban Asabe, kwance shi," in ji Rifkatu, tana duban mijinta.

"Jiya-jiya na goge shi."

"Ɗana," in ji Iya Kande, "to, zai shiga ruwa da tsabtarsa ke nan. Kwance."

Ya kwance maƙallan, murfin yana ƙona masa yatsu. Mata uku suka kama masa, suka ɗaure shi da igiyar ɗaure jirgi, suka tura. Igiya ta yi ta warwara, jirgi bai tsaya ba. Ana ganin kumfa a kan duwatsu, har feshinta yana taɓa fuska. Can sai igiyar ta miƙe, ta yi ƙara kamar za ta tsinke, jirgin ya girgiza ya tsaya. Ba wanda ya motsa, ko awakin, har masunta suka zo da jiragensu suka kwashe su.

Ga ma'anar misalin nan, ko da yake ina zaton wasunku sun riga sun gane, suna dai fata da maƙwabcinsu ake. Injin nan rayuwarka ce. Fentin shi ne abin da jama'a ke gani ran Lahadi: kayan da suka sha guga, da muryar da ke fin ta kowa a waƙa. Ba laifi ba ne. Amma siririn ruwan nan lamirinka ne, wanda Allah ya sa ya riƙa gaya maka yadda ciki yake. In ya fara ɓata maka fenti, in ya tuna maka ƙaryar da ka yi, ko ɗan'uwan da ka daina gaisarwa, ba shi ne cutar ba. Labari ya kawo. Kana iya cusa masa tsinke ya yi shiru, kana iya yin haka da mai faɗa maka gaskiya a gida ma, amma ciki zai ci gaba da ƙuna. Kuma ba kai kaɗai ba ne a jirgin.

Saboda haka ka buɗe murfin tun kana bakin gaɓa. Ka tuba, ka bar Ubangiji ya sa hannu, ko da zai bar tabo inda mutane za su gani.

Injin kuwa yana nan inda aka jefa shi. Masunta sun ce in ruwa ya ja da rani ana hangensa a ƙasa, kuma fentin ko kaɗan bai koɗe ba.