Kabarin da Nomau Ya Ƙi Nunawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinku. Ina faɗa, kafin mu tashi daga nan wani ya shiga waya yana neman gidan. Sunan mutumin Nomau, aikinsa haƙar kabari. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ko wayar da ake shafawa ba shi da ita, sai 'yar ƙaramar nan mai tocila. Da diga da shebur ya tsufa, har bayansa ya rankwafa. Mutanen garin ba sa tunawa da shi sai ranar da aka yi musu rasuwa.

A garin akwai ɗan majalisa, Honarabul Mamuda, da matarsa Hajiya Suwaiba. Su kam kowa ya san su. In za a buɗe rijiya tana gefensa, in za a raba taki tana gefensa, hotunansu kullum suna yawo a waya. Sun daɗe da aure, Allah bai ba su ɗa mai rai ba. Ta sha yin ɓari, kuma duk wanda ta yi sai labarin ya fita, mutane su taru a ƙarƙashin hotonta suna rubuta abin da ba za su iya faɗa mata ido da ido ba. Shi ya sa da ta sake samun ciki, sai ta janye jikinta daga taro, ta yi shiru da bakinta.

To, ku saurara.

Wata rana da hantsi Nomau yana cire ciyawa a makabarta, sai mota ta tsaya a bakin ƙofa. Mamuda ya fito shi kaɗai. Ba ɗan sanda, ba maroƙi, ba mai riƙe masa jaka. Yana rungume da wani abu a cikin farin ƙyalle, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Nomau na gani ya gane.

Kun san dai yadda muke yi. Jaririn da ya zo duniya bai yi kuka ba, ba a shelarsa a masallaci, ba a tara jama'a, ba a zaman makoki. Uba ko kawu ya ɗauko shi a hannu, a haƙa ɗan rami, a rufe, a yi addu'a, a koma gida. Haka muka tarar, babu wani ɓoye-ɓoye a ciki.

Nomau ya haƙa a gindin wata aduwa, inda ake sa ƙananan yara. Da aka gama, Mamuda ya durƙusa yana kuka kamar ba shi ne mai jawabi a gaban dubban mutane ba. Can ya share fuska ya ce, "Baba, namiji ne. Har wata tara ta kai shi. Ta ce in roƙi duk wanda zai rufe shi, don girman Allah kada maganar ta fita. Ta gaji da bakin mutane."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya mata maganar ta tsaya a nan. Allah ya sa mai ceto ne."

Ashe katangar makabartar gajera ce. Wani ɗan acaɓa da ke wucewa ya hango su, ya ɗaga waya ya ɗauka. Abin da ya fito a hoton shi ne ɗan majalisa a durƙushe yana kuka, ga tsoho tsaye a bayansa da shebur. Kabarin bai fito ba, ciyawa ta tare shi. Hoton ya bi hannu har ya isa wurin wani matashi mai suna Nazifi, wanda yake da shafi mai mabiya da yawa, ba shi da sana'a sai zancen manya da matansu. Nazifi ya ɗora hoton, ya rubuta a ƙasa: "Wa Honarabul ya binne ba salla ba jama'a? Kuma ina Hajiya Suwaiba? Tambaya kawai nake yi."

Tambaya kawai! Kun ji kalmar da Shaiɗan ya fi so a zamanin nan.

Kafin la'asar kowa ya zama mai bincike. Wannan ya tono tsohon hoton Hajiya ya zagaye idonta da jan layi, wai ga alamar tsoro. Wancan ya ce ƙanwar maƙwabcin direbansu ta ji ihu a gidan. Wani ya ce zaɓe ya matso, ai an san abin da masu neman kujera ke bayarwa. Har da masu sa hotonta suna rubuta Allah ya jiƙanta. Ita kuwa baiwar Allah tana can ƙauyen iyayenta tana wankan jego, don ko ɗa bai tsaya ba jiki sai an gasa shi. Uwarta ta karɓe wayarta ta jefa a adaka ta kulle. Mamuda ya fito ya ce matarsa tana nan lafiya. Aka ce to ya nuna ta. Ya ƙi, ya koma can babban birni wurin zaman majalisa. Yaransa na siyasa suka ce masa ya ƙyale, zancen zai mutu da kansa.

Bai mutu ba. Da aka rasa yadda za a kai ga mai mota da masu gadi, sai aka juyo kan mai shebur. Aka ce Nomau ne matsafin. Aka ce dama ya daɗe yana sayar da sassan gawa. Mutumin da ya rufe iyayen rabin garin, aka wayi gari in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa.

Ana cikin haka amininsa Ɗantani mai gyaran keke ya rasu. Tun suna samari Ɗantani yake ce masa, "Nomau, in na riga ka, kai za ka haƙa mini, kuma ka faɗaɗa, ka san ba na son matsi." Nomau ya saɓa diga ya nufi makabarta. A bakin ƙofa babban ɗan mamacin ya tare shi, ya kasa kallon idonsa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mun samo wasu."

Bayan an gama jana'izar, kafin a watse, mai unguwa ya kira Nomau gaban jama'a a bakin makabarta. Nazifi yana wurin, ya ɗaga waya sama yana ɗauka.

Mai unguwa ya ce, "Nomau, ni ban yarda da abin da ake faɗa a kanka ba. Amma gari ya ɗau zafi. Wa kuka binne?"

"Ranka ya daɗe, amana ce."

Nazifi ya ce, "To Baba, mun ji, kada ka ce komai. Kai mu kabarin kawai. Yatsa za ka miƙa, mu da kanmu za mu yi wa duniya bayani. Wallahi yau ɗin nan zan wanke ka."

Ku tsaya ku duba wannan wuri da kyau. Daga inda Nomau yake tsaye yana hango aduwar nan. Kabarin bai fi tsawon hannu ba. Duk wanda ya gan shi ya san babbar mace ba za ta shiga ciki ba. Ba sai ya yi rantsuwa ba, ba sai ya buɗe baki ba. Ya ɗaga yatsa kawai, sunansa ya dawo, aikinsa ya dawo. Har ya ji hannun nasa yana motsi. Sai ya tuna mutumin nan a durƙushe, ya tuna matar da bai taɓa yi wa magana ba, wadda abu ɗaya tak ta roƙa. Ya maida hannun baya ya riƙe shi da ɗayan.

Ya ce, "Yaro, in na nuna ai na faɗa. Ban yi tsafi ba, ban ci amanar gawa ba, Allah shaida ne. Iyakar abin da yake nawa ke nan, na ba ku. Sauran ba nawa ba ne."

Wani ya yi ihu daga baya, "Kun ji ko? Ya amsa da bakinsa!"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce ya ajiye kayan aiki, kada ya ƙara shiga makabarta sai an ga yadda hali ya yi.

Da ya koma gida, matarsa Kulu ta ajiye masa ruwa, ta zauna ta zuba masa ido. Ta ce, "Malam, ni nake wanke kayanka tun ina amarya. Ranar nan ko gwiwar wandonka ƙasa ba ta kai ba. Na san abin da ka rufe."

"In kin sani, ki haɗiye."

"Na haɗiye tun ranar, ka ji ta a bakin rijiya? Amma kai, taurin kan nan naka! Ka aika wa Honarabul ɗin mana, ya san halin da ya jefa ka."

Nomau ya ce, "In ce masa me, Kulu? Ya tona matarsa ya cece ni? Mace ta ɗauki ciki wata tara ta tashi hannu wofi, ga ruwan nono yana zuba ba mai sha. Ni zagi kawai ake yi mini. A bar ta ta warke."

Kulu ta yi tsaki, ta tashi ta shiga madafa. Amma da ta kawo tuwo, ta ƙara masa man shanu fiye da kullum.

Haka ya koma faskaren itace a bayan kasuwa, da tsufansa. Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. In ya ji an yi shelar rasuwa sai ya miƙe ya nufi inda digarsa take, sannan ya tuna, ya koma ya zauna.

Da Hajiya Suwaiba ta yi arba'in, uwarta ta buɗe adaka ta miƙa mata waya. Abin da ta fara gani shi ne hotonta da addu'ar mamata. Ta yi ta bi har ta iso kan bidiyon wani tsoho a tsakiyar taro, hannayensa a baya, ana yi masa ihu. Ta tura wa mijinta, ta kira shi a waya ta ce, "Alhaji, wane ne wannan?" Ya duba, ya yi salati. Sai a ranar ya san inda zancen ya sauka. Ya ce zai zo ya san dabarar da zai yi. Ta ce, "Babu wata dabara. Ni na ɗora masa, ni zan sauke."

Da rana tsaka motarta ta shiga lungun su Nomau. Matan da ke tsaye a ƙofar gida suka gan ta ta fito, wata ta yar da tulu ta ruga tana cewa fatalwa. Kulu ta leƙo ta ce, "Ke dalla can, kin taɓa jin fatalwa ta yi sallama? Shigo, Hajiya."

Kafin a shimfiɗa tabarma lungu ya cika, har mai unguwa ya iso. Hajiya ta tsaya a zaure ta ce, "Ga ni, ban mutu ba. Ɗana ne wannan bawan Allah ya rufe. Ni na roƙa a yi shiru, don na san abin da kuka yi mini a baya. Yau na faɗa da bakina, don ba zan iya barci ba alhali ana zaginsa saboda ni."

Ta juya ta durƙusa a gaban Nomau ta ce, "Baba, me ya hana ka nuna musu?"

Ya ce, "Ba ki ce in nuna ba, Hajiya."

Can ta ce a hankali, "Ban gan shi ba, Baba. Ina cikin magagi aka fita da shi. A ina yake?"

"Yana gindin aduwa, wajen gabas, cikin 'yan'uwansa yara. Wurin ba ya tara ruwa. Da la'asar inuwa tana rufe shi."

Nan ta fashe da kuka, Kulu ta kama ta ta shige da ita ɗaki. Mai unguwa da kansa ya sa aka ɗauko diga da shebur, ya miƙa wa Nomau da hannu biyu.

Nazifi ya kutso ta cikin mutane da waya a sama, yana cewa, "Baba, ga shi a gaban duniya ina neman afuwa."

Nomau ya ce, "Sa ta a aljihu tukuna." Ya sa. "To, yanzu faɗi."

Da babu mai kallo sai Allah da mutanen lungu, sai bakin yaron ya yi nauyi. Da ƙyar ya ce, "Ka yafe mini."

"Nawa na yafe. Na Hajiya kuwa sai ka nema wurinta. Abu ɗaya ne ba zai gyaru ba, Ɗantani ya tafi ba ni na haƙa masa ba. In da gaske kake, gobe da safe ka same ni a makabarta. Ciyawa ta yi yawa tun da na bari."

Kuma ya je, jama'a. Ya je, ya ci gaba da zuwa. Ya goge abin da ya rubuta, ya fito ya ce ƙarya ya yaɗa. Ba zan ce muku kowa ya shiryu ba, don har bayan haka an sami masu cewa ba Hajiyar ba ce, mai kama da ita aka samo. Irin waɗannan ko me aka nuna musu ba za su gani ba. Amma yawancin garin sun ji kunya, kuma kunyar ta yi musu amfani. Babban ɗan Ɗantani ya zo har gida ya kama ƙafar Nomau.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Abin da idonka ya gani na ɓacin ran wani, amana ne, ko da riƙe shi zai ja maka zagi. Kuma ba duk ƙofar da aka rufe ce ake aikata mugun abu a bayanta ba. Sau da yawa kuka ake yi. In mutum ya hau kujera, ka tambaye shi hanya da asibiti da ruwan sha, wannan haƙƙinka ne, ka tambaya da ƙarfi. Amma cikin matarsa, da ciwonta, da inda ta kwana, ba a zaɓe ka ka bincika ba.

Kai da ke danna waya a bayan can, da kai nake. Kada ka ce ai ba ni na rubuta ba, turawa kawai na yi. Ɗan acaɓan nan ma turawa kawai ya yi. Allah ya hana mu mugun zato, ya hana mu bin diddigin juna, bai ce ban da matan manya ba, bai ce ban da cikin waya ba. Yau ɗin nan wani hoto zai shigo muku, da tambaya a ƙarƙashinsa. Idan yatsanku ya fara motsi, ku tuna tsohon nan da ya maida hannunsa baya ya riƙe. Ku ma za ku iya, hannun naku ne.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na wasu.