Bindigar Da Ta Fi Ƙarfin Lyle

Akwai wani mutum a garinmu na bakin kogi, nan Alaska, sunansa Lyle Brandvold. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, ya yi shekara ashirin yana tuƙa babbar mota zuwa rijiyoyin mai na arewa. Ba mugu ba ne. Idan motarka ta maƙale a ƙanƙara, shi zai fara tsayawa ya ja ka. Abu ɗaya ne bakinsa bai iya furtawa ba, wato "ban iya ba".

Matarsa Paulette 'yar garin ce. Tana da yaya guda, Orrin Dalby, wani siririn dattijo mai gyaran injin kwalekwale. Ya haura sittin, ba shi da yawan magana, kuma tun yana yaro yake hawa kogin nan.

Shekarar da Lyle ya ajiye tuƙi, ya ce shi ma zai fara shiga daji kamun kifi kamar kowa. A watan Agusta ba mai hawa kogi hannu sake, domin inda kifi ya taru nan beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ke taruwa. Sai ya tafi shagon Marlys neman libarba, bindigar hannu, da zai riƙa ratayawa a ƙirji.

Marlys tsohuwa ce, ta fi shekara talatin tana sayar da bindiga. Ta tambaye shi abin da ya saba harbawa. Ya ce doguwar bindigar farauta, tun yana ɗan shekara goma. Ta ce masa doguwa kafaɗa ke ɗaukar shurinta, ta hannu kuwa a wuyan hannu take saukewa, ba ɗaya ba ne. Ta jera masa guda uku a kan tebur. Ta ce ya zaɓi wadda zai iya saka harsashi uku a tsakiyar faranti da sauri, kuma wadda zai yini da ita a jikinsa ba ta gundure shi ba.

Idon Lyle bai tsaya kan ko ɗaya ba. Ya nuna wata a cikin gilashi, mai lamba ɗari biyar, bakinta kamar na bututun famfo.

"Wannan fa, Mama?"

"Wannan ta masu ɗaukar hoto ce, ɗana. Ka bar ta inda take."

Wasu mutum biyu da ke shan kofi a kusurwar shagon suka yi dariya. Ɗaya ya ce ai ko ƙaton nan sai ta zaunar da shi. Da ba su yi dariyar ba, wataƙila da labarin nan bai faru ba. Lyle ya ce a fito masa da ita.

Marlys ba ta sayar wa mutum bindiga sai ya gwada a filin bayan shago. Harbin farko, bakin bindigar ya tashi sama ya kalli gajimare, wani zafi ya ratsa daga babban yatsansa har gwiwar hannu. Na biyu, tun kafin ya ja kunama ya runtse ido, harsashin ya tono ƙasa. Na uku ko allon bai taɓa ba.

Ya ce saitin ne ba daidai ba. Marlys ta ce saiti lafiyarsa lau, jikinsa ne ya riga ya fara tsoronta, kuma wannan tsoron ba ya fita sai da koyo mai tsawo, a fara da ƙarama. Ta ce ya mayar, ta ba shi mai lamba arba'in da huɗu, ba wanda zai ji. Ya waiga ya ga mutanen nan biyu sun leƙo ta taga. Ya ce ta naɗe masa ita da kwalin harsashi.

Kwana huɗu hannunsa yana kumbure. Ya ce wa Paulette ƙofar mota ce ta matse shi.

Orrin yana da al'ada. Duk Lahadi bayan coci yakan je tsohon ramin tsakuwa da ke bayan gari, ya jera gwangwanaye, ya yi harbi goma sha biyu da tsohuwar arba'in da huɗunsa, ya koma gida. Sau uku yana gayyatar Lyle. Kullum akwai uzuri. Daga baya Lyle ya ce shi ranar Asabar yake zuwa, shi kaɗai, domin ƙarar tasa tana kurmantar da na kusa. Ranar Asabar kuwa sai ya ɗauki mota ya tafi bakin tafki, ya zauna ya ji rediyo, ya dawo.

A wurin bandar kifi, gaban mutane, yakan tsokani surukin nasa.

"Tsoho, wannan abar taka ai ta korar ɓera ce. In beyar ta gan ta dariya za ta kashe ta."

"To, ko da dariyar ce, in dai ta mutu ai shike nan," in ji Orrin, ya ci gaba da juya kifinsa.

Bindigar ta haura kilo biyu. Igiyar kuben tana goge masa wuya, nauyin yana ja masa kafaɗa. Sai ya sassauta igiyar, ya tura kuben ƙarƙashin hammata, ya ɗora rigar ruwa a kai ya zuge. Da Paulette ta ce ita ma tana son 'yar ƙarama tata, ya ce yana raye me za ta yi da bindiga, tasa ta ishi gida guda.

Ranar ashirin ga Agusta su uku suka shiga kwalekwalen Orrin, suka yi tafiyar awa biyu sama da kogi. Suka kafa tanti a kan tudu. Paulette za ta tsaya nan tana tsinkar 'ya'yan itace, mazan su bi wani rafi da ƙafa, tafiyar rabin awa, inda kifi ya fi yawa.

Har sun juya, Orrin ya tsaya ya tambayi ƙanwarsa me ke hannunta. Ta nuna masa usur. Ya daɗe yana kallon kashin beyar da ke gefen hanya, sabo, cike da ƙwayoyin 'ya'yan itace. Sai ya cire kubensa ya rataya mata. Shi ya koya mata harbi tun tana yarinya.

"Yaya, kai fa?"

"Ga mijinki da igwa," in ji shi.

Lyle ya bugi ƙirjinsa, ya ce abin da yake ta faɗa ke nan tun farko.

Da azahar sun kama kifi tara. Suna tsugune a bakin ruwa suna fafe cikinsu, ƙarar rafin ta rufe komai, ciyayi sun fi tsawon mutum. Orrin ne ya fara ɗaga kai. Wata uwar beyar ce da 'ya'ya biyu, taku talatin tsakaninsu da ita, ta kwantar da kunnuwa tana kaɗa haƙora.

Orrin ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannuwa sama, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda aka saba. Bai waiga ba ya ce wa Lyle ya fito da bindigar, kada ya harba sai ya ce.

Zif ɗin rigar ya cije. Da ya buɗe, kuben ya zame can baya, sai da ya laluba. Hannuwansa duk majinar kifi. Yana fito da ita beyar ta taso.

Bai jira Orrin ba. Ya ɗaga, ya runtse ido, ya ja. Harsashin ya yanki cinyarta ta baya. Bindigar ta suɓuce daga hannunsa mai santsi, ta daki goshinsa, ta faɗa cikin rafi.

Abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya ba. Orrin ne a gaba, shi ta samu. Lyle yana durƙushe a cikin ruwa, jini ya rufe masa ido, yana lalube tsakanin duwatsu, yana jin sautin da har yau bai taɓa kwatanta wa kowa ba. Da ya share fuska, beyar ta shige ciyayi da 'ya'yanta.

Orrin yana da rai. Cinyarsa a buɗe, gefen wuyansa kuma jini na tsartuwa. Lyle ya ɗaure ƙafar da bel, ya cusa rigarsa a wuyan. Na'urar kiran agaji tana can cikin kwalekwale. Orrin ya ce ya bar shi ya ruga, domin wajen tudu dabbar ta nufa, inda Paulette take, kuma beyar mai rauni ba ta barin abin da ta gani. Lyle ya ƙi. Ya goya shi ya kama hanya.

Sun yi kamar rabin tafiya sai suka ji harbi daga gaba. Ɗaya, biyu, ɗan shiru, sai na uku. Lyle ya ji leɓen tsohon yana motsi a bayan kunnensa.

"Paulette ce. Ba ta yi gaggawa ba. Ka ji tazarar?"

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da aka gane. Da suka fito tudu, beyar tana kwance taku shida daga tantin, Paulette tana tsaye, bindigar yayanta a hannu biyu. Suka kira agaji da na'urar, jirgi mai saukar ungulu ya iso bayan minti hamsin. Orrin ya cika minti ashirin kafin nan, kansa a cinyar ƙanwarsa.

Jami'in kula da daji da ya ɗauki bayani ya ce uwa mai 'ya'ya sau da yawa barazana take yi, ta taso ta tsaya ta juya, amma da zarar ta ji rauni ba ta tsayawa. Bai ɗora wa kowa laifi ba. 'Ya'yan biyu ba a sake ganinsu ba, kuma a shekarunsu ba sa kai hunturu su kaɗai.

Lyle ya ce wa kowa santsi ne. Mutanen gari suka ce ƙaddara, suka yaba masa da ya goyi surukinsa. A wurin jana'iza har fasto ya ambaci ƙarfinsa. Marlys ta zauna a layin baya, ba ta miƙa masa hannu ba.

Bayan sati uku Paulette tana neman safar hunturu a durowarsa, ta ci karo da kwalin harsashin. Mai ashirin ne. Takwas kawai suka fita, uku na ranar saye, biyar da ya ɗura. Ta tuna duk Asabar ɗin da ta haɗa masa kofi a gora ta ce ya kula da kunnensa.

Da ya shigo ya tarar da kwalin a buɗe a kan teburin cin abinci. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaye shi ina yake zuwa ranar Asabar. Ya gaya mata. Ta ce da ya ce bai iya ba, da Yaya ya kai shi rami ya koya masa, ko kuma da su uku sun tsaya wuri ɗaya. Ta haɗa jaka ta koma wurin Bernice, matar marigayin.

Sai da dusar ƙanƙara ta fara sauka Lyle ya iya zuwa gidan. Bernice ce ta buɗe. Bai shiga ba, ba ta ce ya shigo ba. Yana tsaye a kan matakala, hula a hannu, ya faɗa mata komai, tun daga shagon Marlys har runtse idon da ya yi a bakin rafi. Ya ce Orrin ya ba da bindigarsa ne don ya yarda da shi, shi kuwa ƙarya yake yi.

Bernice ta bar shi har ya gama.

"Bai yarda da kai ba, Lyle. Ya sani. Tun ranar da ya ga hannunka a kumbure ya ce min ba ƙofar mota ba ce. Ya je ramin ranar Asabar sau biyu, bai same ka ba."

Ya tambaye ta me ya sa Orrin bai taɓa faɗa ba.

Ta ce ya so ya faɗa, amma yana tsoron kunyata shi a gaban matarsa. Ta ce da safen ranar, yana ɗaura takalmi, ya gaya mata in sun dawo zai ce kafaɗarsa na ciwo, ya roƙi Lyle su yi musayar bindiga na kaka ɗaya, ya ɗauki mai nauyin ya ba shi tasa, don ya koya ba tare da kowa ya gane ba.

"Mutuncinka yake ta lallaɓawa," in ji ta. "Ka je gida, ana sanyi."

Ta rufe ƙofar a hankali. Lyle ya daɗe a tsaye a wurin kafin ya sauka. Paulette ba ta koma ba. Yana nan a garin har yanzu, shi kaɗai a gidan, da tabo a goshi, kuma bai sake hawa kogi ba.

Darasi: Abin da ka ɗauka don a ce kai wani ne, ranar da aka buƙace shi ba zai yi maka aiki ba, kuma sau da yawa ba kai za ka biya ba, wanda ya tsaya kusa da kai ne. Ka zaɓi abin da hannunka zai iya riƙewa, ka koya, in ba ka iya ba ka buɗe baki ka faɗa. Kai kuma da ka ga ɗan'uwanka yana ɓoye rauni a wurin da rai ke ciki, ka gaya masa yau, ko da zai ji haushi. Ku tura wa wanda kuka san yana jin nauyin cewa "ban iya ba".