Gayyar Kura da Gayyar Kunkuru

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

"Wai me Kunkuru ke ba su ne?" Haka Bushiya ta ji Kura na tambayar Dila.

Rairayi ne ke cinye tafkin da kowa ke sha, sai dabbobi suka kira gayyar dashen itatuwa, aikin sa kai. Kura ke jagorancin gabas, Kunkuru yamma. Kafin sati biyu masu aiki duk sun tsere yamma, saura Bushiya kaɗai, dashen Kura sai bushewa yake.

Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, fura ce. Dama musu mai kauri."

Aka dama har da zuma. Suka zo suka sha, suka lashe ludayi, suka koma yamma.

Ita Bushiya ta san dalili, don ta taɓa leƙawa. A can, Kwaɗo makaɗin gayya kowa yake yi wa kirari, har Tururuwa mai kawo ɗigon ruwa. Ranar da Zomo ya karya dashe, cewa Kunkuru ya yi, "Ba komai ɗan'uwa, ɗauko wani." A gabas kuwa, ganga sunan Kura kaɗai ta sani.

Bushiya ta matso a hankali. "Yaya Kura, da za ki..."

"Ke sarkin ƙaya, wa ya sa da ke? Ɗebo ruwa!"

Bushiya ta dunƙule. Da ta warware, ta shayar da 'yar kukar da ta dasa da hannunta, ta saɓa tulunta ta nufi yamma. Amsar tambayar Kura kuwa, ta ƙudura ba mai jin ta daga bakinta.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rami.